Shekarar da Na Hana Gyaɗar Mahaifiyata Dalma

Ruwan da ya sauka ranar Talatar da ta wuce, bayan kowa ya riga ya yi wa damina sallama, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ina zaune a zaure da hantsi sai na ji shi a kan kwano, ruwa sosai mai haɗe da tsawa. Na leƙa na hangi mutanen unguwarmu suna gudu zuwa gonaki saboda riɗin da suka yanka suka jingine. Jikata Rifkatu, wadda take aiki a wani ofishin gwamnatin jiha mai kula da amfanin gona da ake fitarwa ƙasashen waje, ta zo mana kwana uku, tana tsaye a bakin ƙofa tana kallon sama.

"Tsoho, wannan ruwa ya ɓata mana aiki," in ji ta. "Masu sayen riɗinmu a waje ba sa karɓar abin da ya sha danshi."

Na ce, "To amarya, me ofishin naku zai yi a kai?"

"Me kuwa za mu yi? Akwai wani abokin aikina, kullum cewa yake cinikin ƙasa da ƙasa sha'anin Abuja ne, mu na jiha 'yan rakiya ne."

Na ce ta gaya masa ya zo ya same ni, ya kuma taho da littafin rubutu. Ta yi dariya ta ce yaran yanzu ba sa zuwa ɗaukar karatu a zaure. Tun da ba zai zo ba, ga karatun nan na rubuta masa.

An haife ni a wani ƙauye kudu da Burumburum, a kan hanyar da ke gangarawa Doguwa, inda Kirista da Musulmi suke shan rijiya ɗaya. Na yi makarantar mishan. A can aka koya mini cewa shafin da tawada ta ɗiga a kansa ba a goge shi, yage shi ake yi a sake daga farko. Da wannan tarbiyya na shiga aikin gwamnati, lokacin da Jihar Kano take sabuwa, a matsayin malamin duba gyaɗa. Kayan aikina ba su da yawa: ƙarfe mai rami da ake soka wa buhu a zaro samfur, faifai, ƙaramin sikeli, da awartaki wanda nake matse dalma da shi a bakin ɗinkin buhu. Buhun da bai sami dalmata ba, ba ya hawa mota zuwa Kano, balle jirgin ƙasa zuwa Ikko, balle na ruwa.

Ya kamata mai karatu ya fahimci tsarin. Manyan da ke Ikko su ne suke zama da mutanen ƙasashen waje, su sa hannu a takarda. Amma ba ɗaya daga cikinsu da ya taɓa sa hannunsa a cikin buhu. Kowane buhu yana ɗauke da tambarin jiharsa, a jikin dalmar kuma akwai lambar malamin da ya duba shi. Alkawarin da aka ɗauka a can, a nan ake cika shi ko a karya shi, a gindin tsamiya, gaban siton dillali.

Shekarar da ta gabaci wadda nake ba da labari, na yi tsanani a kan abu ɗaya. Doka ta ce gyaɗa mai daraja ta farko ita ce wadda ƙwayarta ba ta fashe ba. Matanmu kuwa a turmi suke ɓarar gyaɗa, taɓarya kuma ba ta san doka ba. Na mayar da buhuna masu yawa zuwa daraja ta ƙasa, na bi gida gida ina faɗa wa mata cewa fasasshiyar ƙwaya abin kunya ce. Na yi wannan wa'azi har a tsakar gidanmu, gaban mahaifiyata, Inna Tabawa. Ta saurare ni har na gama, ni kuma na ɗauka na yi nasara.

Daminar da ta biyo baya ta zo a makare. Muka yi shuka, ruwa ya ɗauke kusan wata guda. Geron da muke dogara da shi don ya raba mu da yunwar tsakiyar damina ya ƙone tun bai kai gwiwa ba, ƙasa ta yi zafin da ba a taka ta da rana babu takalmi. Dawa ta tsaya kamar an daka mata tsawa. Da ruwan ya dawo sai ya dawo da fushi, aka shiga marka, kwana da kwanaki ba a ga rana ba, itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika ɗakuna. Rumbuna sun riga sun yi ƙasa. A gidanmu Inna takan dafa tafasa da rama ta barbaɗa musu gari ɗan kaɗan don a ce an ci hatsi. Har yau idan na ji warin tafasa a tukunya sai cikina ya tuna. Albashina yana zuwa, amma bakuna goma sha ne a kansa, hatsi kuma ya yi wuya a kasuwa ko da kuɗi a hannu.

Gyaɗa ce kaɗai ta tsira. Ta yi ganye shar, ta zuba 'ya'ya. Kowa ya san lissafin ba sai an faɗa ba: idan gyaɗa ta sami dalma, Alhaji Mato dillali zai karɓa, a sayo dawa daga kasuwannin kudu a ci har wata kaka. Idan ba ta samu ba, sai a kai wa masu ƙuli-ƙuli su saya yadda suka ga dama, kuma ba za su iya sayen ko rabinta ba.

Aka tone gyaɗa, amma damina ta ƙi tafiya, daidai irin ta bana. Rana ta fito da safe, da la'asar hadari ya taso daga gabas. A cikin wannan hali takarda ta iso mini daga ofishinmu na birni. An ce masu saye a ƙasashen waje sun koka da gyaɗa mai hunhuna, sun ce guba ce ga mutum da dabba. An ce duk jihar da aka sami tambarinta a kan irin wannan kaya, za a iya dakatar da gyaɗarta gaba ɗaya. Na karanta sau biyu, na ninke na sa a aljihu, hankalina kwance, don na san mutanena.

Ranar duba na isa siton Alhaji Mato da sassafe. An jera buhunan ƙauyenmu a gindin tsamiya, masu su suna tsaye. Na soki na farko, na zuba a faifai. Ban taɓa ganin gyaɗa mai kyau irin wannan ba. Ƙwaya cikakkiya, jajir, da ƙyar za ka sami fasasshiya ɗaya. Har na fara murmushi. Sai na ɗauki ƙwaya ɗaya na sa a haƙori, kamar yadda aka koya mana. Busasshiyar gyaɗa takan yi ƙara idan ka cije ta. Wannan ba ta yi ba, haƙorina ya nutse a cikinta shiru. Na sa aka farke ɗinkin, na tura hannu har gwiwar hannu. Cikin buhun da ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi, da na zaro hannun kuma ga wari irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. A tsakiya wasu ƙwayoyin sun fara yin kore.

Na biyu haka, na uku haka. Na duba har azahar ban matse dalma ko ɗaya ba.

"Malam Bulus, lafiya?" in ji Alhaji Mato. "Awartakin ne ya lalace, ko hannun?"

Na ce, "Alhaji, ka ba ni zuwa gobe."

Na tafi gida ina tunanin ruwan sama ne ya taɓa ta. Amma ruwan sama ba ya shiga kowane buhu daidai wa daida. Ina shiga tsakar gida na tarar da Inna a gaban turmi, ta baza ragowar gyaɗa mai ɓawo a tabarma, ga ƙwarya da ruwa a gefe. Tana tsoma tsintsiya a ƙwaryar tana yayyafa wa gyaɗar.

"Inna, me kike yi haka?"

"Abin da ya sa ka ga gyaɗa mai kyau yau," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "In ɓawon ya sha ruwa kaɗan, ƙwayar takan yi laushi, taɓarya ba ta fasa ta. Ni na gano shi, na koya wa matan gari duka. Ba ka gode ba?"

"Kuma da an ɓare sai a zuba a buhu?"

"A jira me? A bar wa kaji? Ko a bar wa wannan ruwan da ba shi da ranar tafiya?"

Na yi mata bayanin hunhuna da takardar da ta zo. Ta ajiye tsintsiyar ta dube ni.

"Bara ka ce fasasshiya ba ka so. Bana mun kawo maka wadda ba ta fashe ba, ka ce ba ka so. Kai Malam Bature, in ka je wajen iyayen gidan naka ka tambayo mana, shin gyaɗa suke so ko ƙwan zabo?"

Gaskiya ce ta faɗa. Ni na koyar da rabin doka da ƙarfi, na bar ɗaya rabin, wato cewa sai gyaɗa ta bushe sarai, ban faɗa ba, don na ɗauka kowa ya san shi. A shekarar rana dabarar Inna da ta wuce lafiya, ko'ina ka ajiye gyaɗa za ta bushe. A wannan shekara kuwa iska kanta jiƙaƙƙiya ce.

Washegari muka hallara a ƙofar Mai Unguwa. Alhaji Mato ya ce motarsa ta ƙarshe za ta zo nan da kwana takwas, don an riga an ba shi taragu a Kano, jirgi kuma ba ya jiran kowa.

"Ka buga musu dalma kawai," in ji shi. "Kafin ta kai Ikko ta bushe a hanya."

Na ce, "A cikin taragu mai rufi? Kafin ta kai Ikko ta zama taki."

"To Baturen da zai ci ta, ya san ka ne? Surukinka ne?"

"Bai san ni ba, Alhaji, amma zai ga lambata, sama da ita kuma tambarin jiha. In aka rufe mana ƙofa, ba mu kaɗai za a rufe wa ba. Mutanen Kiru da na Bebeji da ba su yayyafa wa tasu ruwa ba, su ma sun shiga."

Wani daga bayan taron ya ce ɗan da aka kai makarantar mishan ya dawo ya kashe garinsu da yunwa. Na ji, kuma na san muryar, amma ba zan rubuta sunansa ba, don ya riga mu gidan gaskiya kuma mun shirya kafin nan.

Mai Unguwa dattijo ne mai jinkirin magana. Ya tambaye ni abu ɗaya: "Malam, tana gyaruwa ko ba ta gyaruwa?"

"Ranka ya daɗe, wadda ta yi kore ta tafi. Sauran, in ta sami rana a kan dutse aka tsince ta da hannu, tana gyaruwa."

"To gayya ce," in ji shi. "Gobe kowa a falale."

Yamma da ƙauyenmu akwai falalen dutse mai faɗi, wanda yake ɗaukar zafi da wuri. A nan muka yi kwana bakwai. Da safe sai mu jira raɓa ta bushe a kan dutsen, don na hana a baza kafin nan. Sannan maza su ɗauko buhuna a ka da kan jakuna, a farke, a baza kowane gida a gefensa, a yi iyaka da karan dawa. Mata su zauna a jere da faifai a cinya suna tsince mai kore da mai baƙi. Bayan kowane ɗan lokaci a bi da ƙafa a juya. Da tsakar rana dutsen yakan yi zafi har ya gasa tafin ƙafa, mutane kuma da kunu tsararo kaɗai a ciki, ga abinci baje a gabansu ba halin ci sai ɗan abin da aka jefa a baki a sace. An sa tsofaffi biyu su zauna a ƙololuwar dutsen ba aikinsu sai kallon gabas. Da sun ce "Ga shi nan!" sai kowa ya zabura da tsintsiya da ƙwarya, a tattara a rufe da asabari.

Abin da ya fi jawo mini baƙin jini shi ne wadda aka tsince. Na sa aka haƙa rami aka binne ta. Mata suka ce a bar musu ko don mai, na ƙi. Binne abinci a shekarar yunwa ba ƙaramin abu ba ne, amma na tsaya a bakin ramin har aka rufe.

Ranar Juma'a Mai Unguwa ya ce Musulmi su tafi masallaci, mu Kirista mu riƙe dutsen. Ranar Lahadi suka riƙe mana. Ni da ban taɓa ɗaga ko fartanya ranar Lahadi ba, ina fitowa daga sujada na wuce falale da rigar coci a jikina. Fulanin da ke mashekari kusa da mu suka kau da shanunsu daga wajen, matansu kuma suka riƙa kawo nono suna karɓar harawa. Wannan nono shi ya riƙe mutane da yawa a tsaye.

Duk kwanakin nan Inna ba ta yi mini magana ba. Takan ajiye mini kwanon abinci ta juya. Amma ita ce ta farko a kan dutse, kuma babu mai saurin tsinta kamarta. A rana ta shida hadari ya yi mana ba-zata, ya taso ta kudu inda ba a kallo. Inna ta bar nata ta tafi taya wata maƙwabciyarmu mai tsohon ciki. Kafin ta dawo ruwa ya taɓa kashi ɗaya na gyaɗarta. Buhu huɗu gare ta, wannan shi ne na huɗu. Kwana ɗaya ya rage, ranar kuma ta fito da lumshi.

Ranar da mota ta zo na fara duba tun hantsi. Na soka, na cija, na ji ƙara, na matse dalma. Kowace ƙara sai ka ji mata sun yi guɗa. Muƙamuƙina ya gaji, ban bar buhu ɗaya ban cija ba. Na Inna na bar su ƙarshe, kada a ce na fara da gida. Na farko ya wuce, na biyu, na uku. Na soki na huɗu, na sa a haƙori. Ba ta yi kore ba, ba ta wari, amma ba ta yi ƙara ba.

Direba ya riga ya tayar da mota.

Alhaji Mato ya matso ya rage murya. "Malam Bulus, buhu ɗaya ne a cikin mota guda. Ko don nonon da ka sha."

Zan faɗi gaskiya, tun da ban saba rubuta wani abu ba ita ba: awartakin yana hannuna, kuma na riga na zura dalmar a igiya. Na dubi wuyan Inna yadda ya rame. Na san abin da buhu ɗaya yake nufi a rumbunmu.

Sai ta miƙo hannu ta ɗauki ƙwaya ɗaya daga faifaina. Ta sa a haƙorinta na gefe, ta cija, ta tsaya kamar mai sauraro. Sannan ta tofar.

"Ba ta yi ba," ta ce. "Janye shi. Kada a je wata ƙasa a ce ɗan Tabawa ya aiko da ruɓa." Ta juya wajen Alhaji. "Kai kuma, nonon nawa ne ko naka, da kake rabonsa?"

Mutane suka fashe da dariya, har Alhajin. Aka janye buhun, mota ta tashi. Bayan mako biyu jakuna suka fara shigowa da dawa. Ba mu ƙoshi ba a wannan shekara, amma ba wanda ya bar gari. Buhu na huɗu kuwa Inna ta shanya shi da rana ta samu, ta yi mai da ƙuli-ƙuli ta kai kasuwar Burumburum, ta kuma hana ni ɗanɗana ko ɗaya.

Da aiki ya lafa na zauna na rubuta wa ofishinmu na birni wasiƙa, shafi uku, na ja layin gefe da rula. Na bayyana cewa muddin ana neman cikakkiyar ƙwaya daga turmi, mata za su yayyafa ruwa, kuma ba laifinsu ba ne. Na roƙi a kawo injin ɓara na hannu, a kuma riƙa shelar shanya tare da shelar daraja. Shugabana ya gaya mini daga baya cewa ya kai maganar wurin zaman da jihohi suke yi da mutanen Ikko, don su can ba su san ana ɓarar gyaɗa a turmi ba. Ban ce wasiƙata ce kaɗai ta yi aikin ba. Na dai san kaka ta gaba an yi shela a kasuwanni, an kuma sauke injin ɓara a ƙofar Mai Unguwa, Inna ce ta fara juya shi, tana cewa bai kai taɓarya sauri ba.

Yanzu gyaɗa ta daina hawa jirgi. Riɗi ne da zoɓo da waken suya suke fita, a buhunan leda, wasu ma a gefen kwalta suke shanya su, abin da ba zan taɓa amincewa da shi ba. Awartakina na mayar wa gwamnati ranar da na ajiye aiki, kamar yadda doka ta ce. Haƙoran da na yi aikin da su ma sun yi ritaya, saura huɗu. Su Rifkatu wata 'yar na'ura suke da ita mai kamar rediyon hannu, a zuba mata ƙwaya ta nuna yawan danshi.

Na ba ta wannan labari a baki ranar Talatar, kafin in rubuta. Washegari ta buga waya ofishinsu ta nemi ƙarin kwana, ta je wajen Mai Unguwa na yanzu, jikan wancan, aka share falalen nan aka shimfiɗa tamfol. Jiya da la'asar ta shigo zaure da na'urarta da ɗan riɗi a faifai. Na gane shi, na gonata ne, wadda ɗana yake nomawa.

"Tsoho," ta ce, "na kowa ya wuce. Naka bai yi ba."

Na sa tabarau, na karɓi na'urar, na sa ta sake aunawa a gabana, sau biyu, don ban yarda da aikin da ban gani ba. Lambar ba ta canza ba.

Na ce, "To me kike jira? Janye shi."